Yadda Za Ka Riƙa Tunawa da Ƙaninka da Ya Rasu

Nawa ƙanin yana da shekara 24 Allah ya karɓi abinsa, yana kwance a maƙabartar Gudu, nan Abuja.

Fara da bashi. Bi abokansa ɗaya bayan ɗaya ka tambaya, ko na mai shayi ne a biya. Sai wayarsa: kwashe hotuna da saƙonnin muryarsa na WhatsApp ka adana, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani. Kada ka kunna wa Mama muryar sai in ita ta nema.

A ganina sadaka mai gudana ta fi taron cin shinkafa. Mu butoci da tabarmi muka saya wa masallacin unguwarmu a Nyanya, sauran kuɗin muka biya wa wani maraya kuɗin makaranta.