Yadda Ake Jera Finafinan Daraktan da Kake So, Daga na Ɗaya Zuwa na Ƙarshe

Duk wanda ya daɗe yana bin aikin darakta guda, wata rana sai an tambaye shi: a cikin finafinansa wanne ya fi? Yawancinmu nan take muke ambaton wanda muka fara gani, ko wanda waƙarsa ta zauna mana a kai. Wannan ba laifi ba ne, amma ba jerantawa ba ce. Jerantawa ta gaskiya tana buƙatar ka zauna ka auna abin da hannun daraktan ya yi a kowane fim, ka kuma iya faɗin dalilin da ya sa ka ɗora wani a kan wani.

Da farko, tabbatar da abin da yake nasa

Rubuta sunayen finafinan duka tare da shekarar fitowar kowanne. A nan mutane da yawa ke zamewa, domin suna haɗa darakta da furodusa. Ɗauki daraktan Indiya Yash Chopra misali. Da yawa suna lissafa Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 a cikin finafinansa, alhali ɗansa Aditya Chopra ne ya ba da umarni, shi uban shirya fim ɗin ya yi. Haka Poltergeist na 1982, ana yawan jingina shi ga Steven Spielberg, amma sunan Tobe Hooper ne a matsayin darakta. Ka duba rubutun farkon fim ko na ƙarshensa, wanda aka rubuta ya ba da umarni shi ne mai fim a wannan lissafi.

Sai ka yanke hukunci tun yanzu kan gajerun finafinai, da na talabijin, da waɗanda ya yi tare da wani darakta. Ko ka sa su, ko ka cire su, kada dai ka canza doka a tsakiyar aiki.

Nemi sahihin kwafi

Fim ɗaya kan fita a siga fiye da ɗaya. Blade Runner na Ridley Scott ya fito a 1982, amma sigar da shi daraktan ya tace yadda yake so sai a 2007 ta fito. Kingdom of Heaven ɗinsa na 2005 ma an datse shi kafin a kai sinima, kuma cikakken ya ɗara shi da wajen minti 45. Wanda ya ga datsattsen da wanda ya ga cikakken, kusan ba fim ɗaya suke musu a kai ba. Rubuta sigar da ka kalla a gefen sunan. In da hali, ka guji kwafin da aka ɗora wa wata murya, domin mai fassara kan ƙara nasa barkwanci, a wasu lokutan har a danne kiɗan da shirun da daraktan ya tsara. Asalin murya da fassara a rubuce a ƙasa ya fi.

Sake kallo, bi da bi

Kada ka dogara da tunawa. Fim ɗin da ka gani kana ɗan shekara goma sha biyar, abin da ka riƙe shi ne yadda ka ji a lokacin, ba fim ɗin ba. Fara daga na farkonsa ka gangaro zuwa na ƙarshe, domin ta haka ne za ka ga inda hannunsa ya faɗa, da inda ya fara maimaita kansa. Mai bin Yash Chopra daga Dhool Ka Phool na 1959 zuwa Jab Tak Hai Jaan na 2012 zai ratsa shekara 53 na aiki, zai ga mutumin da ya yi Deewaar mai zafi a 1975 ya koma ga soyayya da furanni a Chandni a 1989. Kada ka haɗa uku a dare ɗaya. Na ukun gajiyarka zai kwasa, ba adalcinka ba. Da an gama kowanne, kafin ka karanta ra'ayin kowa, rubuta layi uku ko huɗu: fitowar da ta fi kama ka, wurin da ka fara duba waya, da abin da ya rage maka washegari.

Ware hannun darakta daga na sauran

Wannan shi ne matakin da ya fi wuya, kuma a ganina shi ne dukan aikin. Fim taron hannu ne: akwai marubuci, mai ɗaukar hoto, mai tacewa, mai kiɗa, ga jarumai. Idan ka ce fim ya yi kyau, wa ya kyautata shi?

Koma ga Deewaar, fitowar da wa da ƙani suka haɗu da dare a ƙarƙashin gada, ɗaya ɗan daba mai dukiya, ɗaya ɗan sanda. Amsar nan da ƙanin, ɗan sandan, ya bayar da wan ya yi masa gorin dukiya, cewa shi yana da uwa, wadda kowa ya haddace, alƙalamin Salim Khan da Javed Akhtar ne ya rubuta ta. Muryar da fuskar kuwa na Amitabh Bachchan da Shashi Kapoor ne. To ina daraktan? Kashe sautin ka sake kallon fitowar. Duba tazarar da ke tsakanin mutanen biyu, da lokacin da kyamara ke matsowa kan fuska, da tsawon jinkirin da aka bari kafin amsa ta fito, da wanda aka nuna bayan an faɗe ta. Abin da ya rage yana aiki a kanka bayan ka ɗauke magana, mafi yawansa rabon darakta ne. Yi wa kowane fim wannan gwajin a fitowa ɗaya ko biyu. Za ka tarar da wani fim ɗin jarumi ne kawai ya ɗauke shi a kafaɗa, wani kuma labarinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma tsarinsa ya ɗaure ka har ƙarshe.

Gwada su biyu-biyu

Ba da maki bisa goma ba ya kai mutum ko'ina, domin a ƙarshe za ka ga rabin finafinan sun taru a kan takwas. Abin da ya fi shi ne karo: ɗauki biyu, ka tambayi kanka, in ɗaya kaɗai za a bari a duniya, wanne zan ceta? Finafinai 10 suna ba da karo 45 idan za ka haɗa kowanne da kowanne, amma ba sai ka yi haka ba. Raba su gida uku tukuna, manya, matsakaita da na baya. Sannan a kowane gida ka ajiye ɗaya a tsakiya, duk wanda ka ɗauko ka gwada shi da shi, ya hau ko ya sauka har ya sami gurbinsa. Na sama da na ƙasa ba sa ba da wahala. Tsakiya ce ke cin lokaci, kuma a nan za ka gane abin da kake nema a wurin daraktan tun asali.

Wani lokaci za ka ga na ɗaya ya doke na biyu, na biyu ya doke na uku, sai kuma na uku ya juyo ya doke na ɗaya. Alama ce ta cewa kana sauya ma'auni ba ka sani ba, nan ka auna labari, can ka auna waƙa. Tsaya ka zaɓi abin da ya fi nauyi a wurinka, ka sake karon da shi.

Kuɗin kasuwa da kyaututtuka

Ka san da su, amma kada su yi maka hukunci. Lamhe na 1991 bai yi kasuwa a Indiya ba, yau kuwa ana lissafa shi cikin mafi kyawun aikin Yash Chopra. Vertigo na Alfred Hitchcock, da ya fito a 1958, bai samu yabon kirki ba a farko, amma a 2012 masu sharhi suka zaɓe shi na ɗaya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound. Shi kansa Hitchcock sau biyar yana shiga takarar Oscar ta darakta, bai taɓa ci ba.

Jeri biyu, ba ɗaya ba

So hana ganin laifi, in ji Hausawa, kuma tunda daraktan da kake so ne, wannan haɗarin yana nan. Maganinsa ka yi jeri biyu: wanda ka fi ƙauna, da wanda ka ga ya fi inganci. Fim ɗin da kake komawa gare shi duk lokacin da ranka ya ɓaci yana da haƙƙin zama na ɗaya a jerin farko, ko da na shida ne a na biyu. Da ka raba su, za ka iya faɗin raunin fim ba tare da ka ji kamar ka ci amanarsa ba.

A gaban kowane suna rubuta dalili a layi ɗaya, wanda ya ambaci wani abu takamaimai a cikin fim ɗin, ba "ya yi daɗi" kawai ba. Sa kwanan wata a saman takardar, domin bayan shekara biyu ko uku wasu za su canza gurbi. Idan kuma daraktan yana raye yana kan aiki, duk sabon fim da ya saki ka ajiye shi a gefe, kada ka ba shi lamba sai ka kalle shi karo na biyu bayan hayaniyar fitowarsa ta lafa.