Yadda za ka tantance labari kafin ka tura shi gaba

Dan Allah in saƙo ya shigo maka a WhatsApp, ka ɗan dakata tukun kafin ka danna tura. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, don kar ku cutar da wasu cikin rashin sani ku dawo kuna nadama.

Fara duba saman saƙon, in ka ga kibiya biyu to ya zaga hannu da yawa, kuma wanda ya turo maka ma wataƙila bai san tushensa ba, tambaye shi kawai, a ina ka samo? In hoto ne, sa shi a Google Lens, manhajar Google mai nemo wuraren da hoton ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa tsohon hoton wata ƙasa ne aka manna masa sabon labari na faɗan ƙabilanci ko na addini, wallahi irin wannan shi ya fi tada min hankali don rayuka yake ci.

Ko da gaskiya ne ma, in sirrin wani ne bar shi, aya ta 12 ta hana bin diddigi da gulma. In kuma ka riga ka tura sai ya zama ƙarya, goge shi ka koma guruf ɗin ka faɗa musu ba haka ba ne.