Yadda Ake Bambance Ƙullutun Epidamoid da Na Damoid

Idan aka ga ƙullutu mai zagaye a ƙarƙashin fata wanda yake girma a hankali ba tare da ciwo ba, abin da za a fara tambaya shi ne lokacin da ya bayyana, domin shekarun mai shi kaɗai sukan nuna wane iri ne.

Ƙullutun epidamoid ya fi fitowa ga manya, a fuska, wuya, baya ko fatar maraina. Yana samuwa ne idan ƙofar gashi ta toshe, ko kuma rauni ya tura ƙwayoyin saman fata zuwa ciki, sai su zama wata 'yar jaka da ke tara farin abu mai kauri kamar cuku, mai wari. A duba tsakiyarsa da kyau a cikin haske, sau da yawa za a ga wani ɗan baƙin ɗigo, kuma idan aka motsa shi, da fatar yake tafiya.

Shi kuwa na damoid da shi ake haihuwar yaro, saboda guntun fata ya maƙale a wurin da sassan jikin ɗan tayi ke haɗuwa, shi ya sa akan tarar da gashi da maiƙo a cikinsa. Galibi ana lura da shi kafin shekara 5, a gefen gira, karan hanci, ƙarƙashin harshe ko kan maɗiga. Likitoci biyu, Adeloye da Odeku, sun yi bayanin irin na maɗiga a jariran Najeriya a Ibadan tun 1971. Yawanci ba shi da baƙin ɗigo, fata tana zamewa a kansa, kuma wani lokaci yana manne da ƙashi.

A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan: wanda yake tsakiyar hanci ko tsakiyar kai yana iya samun hanya zuwa cikin ƙoƙon kai, don haka dole ne a ɗauki hoton cikin kai a asibiti (MRI ko CT) kafin a taɓa shi. Kai irin wannan yaro wurin wanzami ganganci ne.

Kada a matse ko ɗaya daga cikinsu, domin idan jakar ta fashe a ciki wurin yakan kumbura ya yi ja kamar maruru. Idan hakan ta faru, likita zai fara magance kumburin, bayan ya lafa sannan a yi tiyata a cire jakar gaba ɗaya, tunda ko ɗan ɓangarenta aka bari ƙullutun yana iya dawowa.