Yadda za ka adana aninai da bajon likitan soja

In kana da aninan kaki ko bajo na wani naka da ya yi aikin jinya a fagen yaƙi, don Allah kar ka fara da goge su da man sa ƙyalli, wallahi nan mutane ke ɓata su, duhun nan da ke jikin tagullar shekaru ne suka bar shi kuma in ya tafi ya tafi kenan.

Da farko sa safar hannu, gumin yatsa na barin tabo. Shimfiɗa farin ƙyalle ka baje su a kai, ka ɗauki hoton gaba da baya. Bayan anini ne ke da labari, sau da yawa sunan kamfanin da ya ƙera yana nan. Duba tambarin ma, maciji ɗaya nannaɗe a sanda na rundunar likitocin sojan Birtaniya ne da aka kafa a 1898, macizai biyu da fukafukai kuma na Amurka.

Sai ka kaɗe ƙura da buroshi mai taushi a bushe. In ka ga kore-kore a lungu, ware wannan daban, ka ɗan taɓa wurin da auduga a tsinke a hankali. Bajo mai fenti kam kar ka jiƙa shi sam.

Naɗe kowanne shi kaɗai a takarda marar asid, ban da leda mai PVC (wani nau'in roba). Sa su a akwati da ƙunshin silika saboda danshi.

Ƙarshe rubuta sunan mai kayan, rundunarsa da shekarun da ya yi aiki da fensir, ka sa takardar a ciki.