Yadda na rabu da ciwon gwiwar hannu a Makka

Tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa lokacin Hajji ya bar min ciwo a bayan gwiwar hannun dama. Butar alwala ma gagara ta take yi. Likita ya ce ƙashi lafiya lau, jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu ce ta gaji da yawan damƙa.

Na ajiye keken sati 3, ina ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 15. Abin da ya fi yi min aiki shi ne in kifa hannu a bakin tebur riƙe da ƙaramar gorar ruwa, in ɗaga da taimakon ɗaya hannun, in sauke sannu a hankali, sau 15. Da na koma aiki na sassauta riƙo. Sai a wata na 3 na ɗaga buta babu zafi, alhamdulillahi.