Darasi na Shida: Yadda Za a Kiyaye Tsarin Filayen Ƙauye

Tsarin filaye yarjejeniya ce da mutanen ƙauye suke ƙullawa a tsakaninsu domin su tantance inda za a yi noma, da inda aka ware wa dabbobi, da burtali da mashaya, da kuma filin makaranta da makabarta. A ƙasar Daura, inda garken shanu suke ratsowa daga Nijar ta Mai'aduwa da Zango da Baure, burtalin da aka nome shi ne mafarin yawancin rigimar manomi da makiyayi, domin saniyar da ba ta sami hanyar zuwa ruwa ba dole ta bi ta cikin gero.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar filayen karkara bisa al'ada, saboda haka ya kamata a kai mata kwafin taswirar ƙauye ta sa hannu. Amma sa hannun hukuma kaɗai ba ya hana garma shiga burtali.

Abin da yake hana ta shi ne mutane su san cewa da su aka yi tsarin. Kafin a zana komai a takarda, dagaci da masu unguwanni da ardo da limami su fita tare da dattawan da suka san tsofaffin iyakoki, a taka filin da ƙafa lokacin rani, bayan an kwashe amfanin gona, sa'ad da babu shukar da za ta tayar da hankalin kowa. A nemi shawarar mata, domin su ne suka fi sanin hanyar rijiya da wurin samun itacen girki, kuma sau da yawa ana mantawa da su a irin wannan zama, abin da a ganina babban kuskure ne. Duk iyakar da aka amince da ita a kafa mata alamar da ido zai gani, ko turken siminti ko layin cini-da-zugu, wanda dabbobi ba sa cin ganyensa.

Daga nan sai a karanta yarjejeniyar da Hausa da Fulatanci bayan sallar Juma'a, a kuma maimaita kowace shekara kafin saukar damina. Hukuncin wanda ya karya ta ya zama sananne tun farko, kuma ya hau kan kowa, domin ranar da aka kawar da kai ga ɗan'uwan mai unguwa, maƙwabcinsa ma zai ƙara kunya biyu a cikin filin kiwo.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya zana taswirar unguwarsu, ya rubuta sunan burtali da mashayar da suka fi kusa da gonarsa, ya tambayi wani dattijo faɗin da burtalin yake da shi a da.