Yadda na rabu da warin baki, daga bakin mai kitso

Kitso nake yi a wani ƙauye kusa da Ringim, sana'ar da dole sai kin sunkuya a kan mutum numfashinki na sauka a fuskarta. Wata shekara sai na ga masu zuwa suna raguwa. Wadda ta zo kuma ta ja gefen mayafi ta toshe hanci, wai mura take yi. Gwaggona ce ta ja ni ɗaki ta ce, "'Yar nan, ba cin fuska ba ne, bakinki yana tashi." Kwana uku ban leƙa tsakar gida ba. A gidan biki na koma gaisuwa daga nesa, har aka fara cewa na yi girman kai.

Fara da gwada kanki, don hanci ba ya jin warin mai shi. Ki kankaro can bayan harshe da cokali, ki bari ya ɗan bushe, ki sansana. Abin da kika ji, shi mutane suke ji.

Harshen nan shi ne matattarar. Farin dattin da ke kwanciya a bayansa ƙwayoyin cuta ne da ragowar abinci, su ke fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ni shekara da shekaru haƙoran gaba kawai nake gogewa su yi fari, ban taɓa kai buroshi can ciki ba. Yanzu safe da dare nake wankewa da makilin, minti 2, sannan in goge harshe daga baya zuwa gaba a hankali. Farko za ki ji kamar za ki yi amai, ana sabawa. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa in an yi barci. Buroshi ya yi wata 3, ki canza shi. Tsakanin salloli ga asuwaki, ko da reshen darbejiya ne.

Ki riƙa sakace bayan cin nama, ki sha ruwa sosai, musamman da hunturu da baki ke bushewa. Kanumfari yana rufe wari na ɗan lokaci ne kawai, kada ya ruɗe ki. Ɗanyar albasa kuwa na bar ta sai ranar da ba ni da kitso.

Duk da haka nawa bai tafi duka ba, ashe wani turmin haƙori ne ya yi kogo. Sai da na je asibiti aka cire shi, aka kankare dattin da ya daskare a gindin sauran. In dasashinki yana jini, ko kin yi makonni kina tsafta warin bai daina ba, ki je a duba ki, don ciwon suga da ciwon hanci ko maƙogwaro ma suna kawo shi.

In ƙawarki ce ke fama, ki faɗa mata ku biyu a ɗaki kamar yadda Gwaggo ta yi min. Ranar na ji haushinta, amma har yau kyauta nake yi mata kitso.